Farin da Ba Ni Na Shafa Ba

Litinin, da hantsi

Burodin yau ma ya tsaya. Nan tsakiyar ƙirji, daidai maɓalli na biyu. Na jiƙa shi a shayi har ya zama tsumma, amma yana wuce maƙogwaro sai na ji kamar an cusa mini samfefa, takardar yashin nan ta goge bango, ana jan ta ƙasa. Matar Injiniya tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona, wai, "Baba, ko a ƙara muku madara?" Madarar me? Gidan burodin ne suka canza fulawa, tun watan jiya nake faɗa, ba mai saurare. Shi kuwa mijin nata, ɗan da na haifa da cikina, waya yake gyarawa a wani akurki a bakin tasha, amma tunda matarsa ta ce Injiniya, to Injiniya. Ya leƙo ya ce in daina ci da sauri. Ni zai koya wa cin abinci.

Magana ma yanzu ciwo take yi. Shi ya sa na ciro tsohuwar kalandar kamfanin fenti ina rubutu a bayanta. Ban taɓa zama aji ba ko na wuni ɗaya. Baƙaƙen nan a jikin gwangwani na koye su, da buroshi, lokacin da ake ba ni rubutun sunan shago. Wanda rubutun bai yi masa ba, dama ba shi aka yi wa ba. Abin da bakina ya kasa gaya wa mutanen gidan nan takarda za ta ɗauka, ita ba ta harara.

Talata, bayan azahar

Harshena ya yi fari. Na duba a madubin babur ɗin da na rataya a banɗaki. Farin ya bi ganɗa, ya bi cikin kumatu, ya gangara can inda ido ba ya kaiwa. Shekara arba'in da ɗoriya ina kankare irin wannan a bangon mutane, ba sai an kira mini kowa ba. Na sa cokali na kankare. Ya fita, ƙasan ja wur, da ɗan jini. Na kurkure da ruwan gishiri. An gama.

Matar Injiniya ta sa leda a hannu ta ɗauke cokalin kamar mai ɗaukar mushen ɓera. Ta ɗauka ban gani ba.

Laraba, da safe

Ya dawo.

Laraba, da yamma

'Yata Auta ta zo daga gidan mai, ko rigar aikin ba ta cire ba, ɗakin duk ya ɗauki warin fetur. Wani ne ya kira ta, kuma na san wace ce.

"Baba, buɗe bakinka."

"Akuya ce ni a kasuwa?"

"Buɗe."

Ta haska fitilar waya. Ta daɗe tana kallo. Da ta kashe fitilar sai ta ce, "Ina robar?"

"Wace roba?"

"Ka san wadda nake nufi."

Na ce ta duba inda ta saba gani. Ta duba kan taga, ta duba ƙarƙashin filo, sannan ta wuce ɗakin kayan aikina ba ko neman izini. Ina jin ta tana ɓamɓare murfin galan ɗaya bayan ɗaya da sukundireba na. Ita ce kaɗai a gidan nan ta san yadda ake buɗe galan ba a lanƙwasa murfi ba, ni na koya mata tana 'yar mitsitsiya, ga sakayyar. Ta dawo da robobin maganin a ƙunshe cikin tsumman da na naɗe su, ta jera a kan gado. Ko ɗaya ba a fasa hatiminta ba.

"Tun yaushe?"

Na kalli silin. Akwai tsagewa a kusurwa, ta jima tana damuna.

"Baba, ni nake barin aiki in je in bi maka layi. Ni nake ce wa nas kana wurin kwangila ne shi ya sa ba ka zo ba. Ashe galan nake yi wa dako?"

Na ce ta rage murya, katangar nan siririya ce, ni na san kaurinta. Ta ce gobe asibiti. Na ce a gaishe su.

Alhamis, da hantsi

Ban je ba.

Tunda kowa yana so ya ji tun yaushe, ga shi nan. Tun kafin damina ne, muna aikin wani bene. Ina kan tsani ina yi wa silin, robar tana aljihun wandona, don lokacin shanta yakan riske ni a hanya. Duk motsin da na yi sai ta ce kacau-kacau. Birkila yana ƙasa yana kwaɓa siminti, ya ɗaga kai ya ce, "Mai fenti, yau da makaɗa ka zo aiki?" Leburori suka kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya ce, "Na san wannan ƙarar, wani maƙwabcinmu ma haka aljihunsa yake yi." Da aka tashi cin abinci ya ja kwanonsa gefe, wai mura yake yi. Mutumin da muka yi shekara ashirin hannunmu yana shiga kwano ɗaya.

Auta ta ce wataƙila da gaske murar yake yi. Tana wurin? Ni na ga idonsa.

Daga ranar na ce abin da zai riƙa yi mini shela a aljihu ba magani ba ne, sanƙira ne. Kuma na daina sha ban ji komai ba. Wata da watanni lafiyata ƙalau, ina hawa tsani ina sauka. Wannan na ƙirji daban ne, fulawa ce.

Juma'a, da yamma

Ruwa ma yana da kaifi. Ban taɓa sani ba.

Litinin, bayan la'asar

An kai ni asibiti. Injiniya ya ɗauko mota, Auta ta zauna a gefena ta riƙe hannun rigata kamar wanda zai yi tsalle ta taga.

Ɗakin yana nan inda na bar shi, can ƙarshen baranda, ƙofar da ba a rubuta mata suna ba, wanda kuwa duk mai shara a asibitin ya san na su wane ne. Koren fentin da suka shafa mata duk ya yi hawaye, wanda ya yi aikin ko hannu bai iya riƙewa ba. Na ce ba zan bi barandar nan mutane suna ƙirga mini taku ba. Na zauna a benci ƙarƙashin matattakala. Auta ta yi magiya, ta yi faɗa, ta shiga ita kaɗai.

Sai ga nas ɗin nan mai tabarau ta fito da kanta, da 'yar tocila da tsinken katako.

"A'a, Baba mai fenti, ashe kana nan. Mun ɗauka ka yi ƙaura."

"Na yi. Na dawo ne in ga ko kun koyi gaisuwa."

"Ina kwana, Baba. Buɗe baki."

Ta danne mini harshe da katakon. Ta ce in nuna inda yake ciwo in na haɗiye, na nuna ƙirji. Ta ce abin bai tsaya a baki ba, ya sauka cikin maƙoshi, hanyar da abinci yake bi zuwa ciki. Wai wani irin funfuna ne, dangin yis, kowa yana da shi a jiki, amma sai garkuwa ta faɗi yake samun fili.

Na ce, "Yis? Burodi na zama?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce na kurkure baki ba zai kai can ba, ƙwaya za a ba ni, fulukonazol, haka na ji ta faɗa, ɗaya kullum har mako uku. "Cikin 'yan kwanaki za ka ji sauƙi. Kada sauƙin ya ruɗe ka, Baba, ka shanye duka. Sannan ka koma kan naka na kullum, in ba haka ba dawowa zai yi. Kai ma ka san bangon da ruwa ke bi ta bayansa."

Na ce ta tsaya a kan allurarta, kada ta koya mini aikina. Yarinyar da ba ta san bambancin fentin mai da na ruwa ba.

Sun ɗebi jini. Sun ɗora ni a sikeli, Auta ta kalli allurar sikelin ta kau da kai. Sikelin asibiti ne, wa ya san rabon da a gyara shi.

Na ce sabon zan sha, tunda shi na maƙoshi ne, kowa yana iya yin ciwon maƙoshi. Wancan kuwa a bar zancensa. Mai tabarau ta kalli Auta, Auta ta kalli ƙasa. Duk ina ganinsu.

Talata, da safe

Na sha. Sai da na kama ƙarfen gado kafin ta wuce.

Auta ta zuba wancan ɗin a leda, wai leda ba ta ƙara, ta ba Matar Injiniya ta riƙa ajiye mini ɗaya a faranti kullum tare da ta maƙoshin. Wato yanzu surukata ce take kiwona. Ta kawo farantin da hannu biyu, "Baba, ga shi, Allah ya ƙara sauƙi." Farantin kuwa wanda bakinsa ya ɓantare ne, kullum shi, don kada ya ɓace cikin nasu. Na ce ta ajiye ta fita. Babbar ƙwayar, ta kullum ɗin, ta koma galan inda 'yan'uwanta suke da zama.

Alhamis, bayan azahar

Na sha romo rabin kofi bai yi faɗa da ni ba.

Asabar, da hantsi

Ayaba biyu, ƙwai ɗaya, shayi. Farin ya ja da baya, harshe ya fara komawa kalarsa. Ba zan ce maganin banza ne ba, ni ba na cin haƙƙin kaya in yana da kyau. Amma ga shi nan, na maƙoshi kaɗai na sha, kuma na warke. Ina wanda ya ce sai da wancan?

Muryata ta dawo. Na fara da Injiniya. Na gaya masa famfon tsakar gida wata nawa yana ɗiga, injiniyan gidan yana tsallake ruwan da takalmi mai sheƙi. Na gaya wa matarsa na san zancen cokali da farantin. Ta yi rantsuwa har da ƙwalla wai ba haka ba ne, wai don kada yara su fasa mini ne. Yaran da aka hana shiga ɗakina?

Na ji daɗin ranar nan.

Litinin, da safe

Shinkafa. Cikakken kwano, har da nama, na tauna na haɗiye kamar kowa.

Na yi tunani. Shafi biyu ake yi wa bango, uku in mai gidan mai tsegumi ne. Wanda ya ci gaba da shafawa bayan bango ya rufe, ko wawa ne ko kamfanin fenti ke biyansa. Su mako uku suke cewa don sun saba da mutanen da ba su san jikinsu ba. Kuma ragowar fenti ba a ƙarar da shi a banza, rufewa ake yi a ajiye don ranar da wani wuri zai ɓantare. Ban taɓa gama aiki ban bar wa mai gida ɗan ragowa a gwangwani ba, shi ya sa har yau ake nemana.

Na samu kwalin ashana na shimfiɗa auduga a ciki. Kullum in aka kawo farantin, ƙaramar ta shiga kwali, babbar ta shiga galan. Faranti ya koma fayau, kowa ya ji daɗi.

Talata, da hantsi

Auta ta kira. "Baba, ka sha?" Na ce eh. Waya ba ta da ido.

Alhamis, da yamma

Tela na bakin layi ya ba ni fentin shagonsa, ciki da waje. Ya ce yaran yanzu rola kawai suka iya, su watsa a ƙasa su watsa a taga. Na ce ai shi ya sa. Injiniya ya ce in bari in ƙara ƙwari. Na ce ranar da ya fara ciyar da ni da guminsa ba tare da matarsa ta auna ba, sai ya ba ni umarni.

Na kankare bangon ciki yau, na cike ramuka. Na ɗan yi tangal-tangal a kan tsani, tsanin ne ya tsufa.

Asabar, bayan azahar

Shafi na farko ya kwanta lumui. Tela ya tsaya da almakashi a hannu yana cewa, "Kai, tsoho, hannunka bai mutu ba." Wa ya ce masa ya mutu? Wa yake yawo da zancena a layin nan?

Litinin, da safe

Naman jiya ya ɗan tsaya. Jijiya ce, mahaucin nan ba ya tsoron Allah.

Laraba, da hantsi

Na rufe madubin banɗaki da tsumma.

Alhamis, da safe

Ranar gyara ta zo, kuma da ban yi ajiya ba da yanzu ina zan nufa? Na buɗe kwalin ashana na sha biyu a haɗe, don wurin da ya ɓantare kauri ake ba shi. Sun tsaya a hanya, na daɗe ina dukan ƙirji kafin su wuce.

Asabar, da yamma

Bai ja da baya ba. Wancan karon kwana kaɗan ya ɗauka. Ko dai auduga ta tsotse ƙarfin maganin, ko dama ragowar na jabu suka cika mini da shi.

Ban iya shayi ba. Yawu ma sai na yi shawara kafin in haɗiye, yawanci a gwangwani nake tofarwa. Na tura gwangwanin ƙarƙashin gado.

Uwar yaran nan ma da gwangwani ta

A'a. Wannan ba na kalanda ba ne.

Lahadi, da hantsi

Na ƙara wa bel ɗina huda.

Talata, bayan la'asar

Jiya na je in ƙarasa wa Tela gaban shago, don ban taɓa barin aiki rabi ba. Na hau tsani, na tsoma buroshi, sai na ga titi ya karkace. Abin da na sani kuma ina kwance a kan yadin mutane, shuɗin fenti har cikin kunnena, Tela yana yi mini fifita da kwali yana salati. Taki uku kawai na hau, ba faɗuwa ba ce, zamewa ce.

Aka kwaso ni gida. Auta ta iso a guje. Wajen cire mini rigar aiki kwalin ashana ya faɗo ya buɗe. Ta tsuguna tana tsince su ɗaya-ɗaya a tafin hannunta. Sannan ta miƙe ta je ta buɗe galan. Ba ta dawo ɗakin ba, a tsakar gida ta tsaya, taga a buɗe, maƙwabta suna shanya.

"Ƙanjamau ne, Baba! Sunansa ke nan! Mutane dubu suna shan maganinsu suna zuwa aiki suna aurar da 'ya'yansu. Ba shi zai kashe ka ba, taurin kai ne zai kashe ka, da yunwa, a gidan da tukunya take kan wuta!"

Injiniya yana cewa, "Ke, ke, rufa mana asiri." Mana. Ashe asirinsa ne.

Na rubuta kalmar don a san ita ta faɗa, ba ni ba. Da muryata tana nan da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Na buɗe baki, iska ce ta fito.

Laraba, da yamma

An kwantar da ni a asibiti, gado na huɗu daga ƙofa. An ɗaura mini ruwa, an rataya wata 'yar kwalba a gefensa, wai maganin maƙoshin ne dai, ta jijiya, tunda hanyar sama ta toshe. Likita yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Ya tsaya a ƙafar gado yana magana da Auta kamar ni kujera ce. Wai shan rabi a bari shi ke koya wa abin taurin kai, wata rana ya daina jin maganin gaba ɗaya. In bai ja da baya ba a 'yan kwanakin nan, za su zura mini roba mai ido ta baki su leƙa, su canza wani mai ƙarfi. Wai kuma sakamakon jinina ya fito, sojojin jikin saura kaɗan.

Na ɗaga hannu aka ba ni kalanda, na rubuta masa: ROBAR A ZURA WA UBANKA. Auta ta karɓe ta ce ina gaishe shi ne.

Alhamis, da hantsi

Bangon ɗakin nan an yi masa fenti ba a kankare na da ba. Duk ya kumbura. Wuni nake yi ina kallonsa, ya fi ciwon damuna.

Na gado na biyar tsohon direba ne, ƙafa aka yanke masa, bakinsa kuwa ba birki. "Maƙwabci, me ya kawo ka?" Na nuna maƙogwaro. Ya ce, "Allah sarki, ga baki ga abinci ba hanya, kamar mota cike da mai ba taya." Ya cinye abincinsa, ya tambaya ko zan ci nawa.

Juma'a, bayan azahar

Birkila ya zo. Wa ya gaya masa? Ya miƙo hannu, na bar shi a iska. Ya zauna a bakin gadona, a kan zanen gadona, yana ba ni labarin wani bene da za a fara bayan wata biyu, wai ya ce wa ɗan kwangila ba mai taɓa silin sai ni. Ya ajiye leda a kan loka, ɗan akwatin gefen gado. Lemu. Mutumin da ruwa ke yanka shi aka kawo wa lemu. Ko mugunta ce ko jakanci, ɗaya dai ba ta fi ɗaya ba.

Na juya wa bango fuska har ya tafi. Direba ya sha lemun.

Asabar, da safe

Ruwa ya wuce. Cokali uku.

Lahadi, da yamma

Madara ta wuce, da ɗan romo. Sun ce ba sai an zura robar ba. Mai tabarau ta hawo daga ɗakinsu na ƙarshen baranda, wai ta zo gaishe ni. Ta ajiye ɗan kofi a kan loka, babbar ƙwayar tana ciki.

"Baba, na maƙoshin ya sake ji, ka yi sa'a. Ban yi maka alkawarin karo na uku ba. Wannan ga ta nan. Ba zan tsaya a kanka ba, ba zan leƙa ƙarƙashin harshenka ba, kai ba yaro ba ne."

Na ce ta ɗauke kayanta. Muryar ta fito kamar ƙofa mai tsatsa, amma ta ji.

"Kofin na asibiti ne, in ka gama da shi a mayar," ta ce, ta tafi.

Auta tana zaune a gefe. Ba ta ce don Allah ba, ba ta ce don ni ba, ba ta yi kukan da ta saba ba. Ta tattara kwanuka ta ce, "Na gaji, Baba. Ranka ne." Ta fita ba waiwaye.

Litinin, da yamma

Ba ta zo ba. Injiniya ya aiko da abinci a hannun ɗan acaɓa.

Talata, da yamma

Ba ta zo ba. Kofin yana nan. Direba ya ce in ba na so ya sha, ko ta tsirar masa da ƙafa.

Ai dama haka suke so. In tafi, a wanke farantin a mayar cikin sauran.

Laraba, bayan la'asar

Ta zo. Ta gaishe ni kamar baƙo, ta zauna tana danna waya. Ko kofin ba ta kalla ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya ya ce in tambaye ka inda kake so a kai galan-galan ɗinka."

Na ce a kai su ina?

"Ɗakinka suke gyarawa. Matarsa ta ce tunda likita ya ce abin sai addu'a in ba ka sha ba, gara a fara shiri, ƙanenta zai zo karatu ba shi da wurin kwana. Sun kawo mai fenti tun jiya."

Na ce wane mai fentin?

"Wani yaro ne, mai rola. Ruwan hoda suka zaɓa."

Na yunƙura, robar ruwan ta fizge ni. Na ce bangon ɗakina fentin mai ne, da hannuna na yi shi, shafi uku. Ya goge da samfefa kafin ya fara?

"Ban ga samfefa ba. Na ruwa ne dai, na ga yana ƙara masa ruwan famfo a bokiti. Ya ce tsagewar silin ɗin ma fenti zai rufe ta."

Na ce ta kira mini Injiniya yanzu-yanzu. Ta ce ba ta da kati. Na ce ta je ta gaya musu duk wanda ya sake ɗora rola a bangon nan sai na karya masa hannu. Ta ce, "Da wane ƙarfin, Baba? Kofi ma da hannu biyu kake ɗauka." Ta miƙe ta gyara jakarta, ta ce motar unguwarsu tana wuyar samu da yamma.

Direba ya ce, "Ruwan hoda ai kala ce mai sanyi."

Na ce ya yi mini shiru ko in ƙarasa ɗaya ƙafar.

Alhamis, da safe

Na tambayi yaron likitan nan, in mutum ya sha duka biyun, ƙarama da babba, ba fashi, yaushe zai iya hawa tsani. Ya ce ya danganta. Na ce ban tambaye shi danganta ba. Ya ce wataƙila wata biyu, in ina ci. Na ce ƙaramar kuma har yaushe. Ya ce har sai sun ce a tsaya, ba sai na ce ba. Na ce to a rubuta, kada gobe a ce ni na canza magana.

Ba don Mai tabarau ba. Ba don Birkila da silin ɗinsa ba. Auta kuwa ban yafe mata tsakar gida ba, kuma sai na ga ɗakin nan da idona kafin in san ko 'yar da na haifa ta iya ƙarya.

Ƙatuwa ce kamar tsakuwa. Sai da na bi ta da ruwa har sau uku, ta karce ni tun daga sama har ƙasa, amma ta sauka.

Na aika a mayar musu da kofinsu, a cika shi gobe.

Fentin ruwa a kan na mai. Jakai.